Rarar Yatsa Biyu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Baba Tela ya san abu biyu. Ba zai karɓi kayansa ranar da aka yi masa alkawari ba, kuma ranar da ya karɓa za su zauna masa kamar da su aka haife shi.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Akwai keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da madubi mai tsagewa a kusurwa, da benci inda masu jiran kaya ke zama su tsufa. Shi kansa gajere ne, mai tumbi daidai gwargwado, kuma tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Matarsa ta ce da shi yake shiga wanka. Shi kuma ya ce sau ɗaya aka yi haka, kuma mantuwa ce.

Abin da ya tsana a duniya shi ne ɗinki mai ɓurum-ɓurum. In ya zagaya tef a ƙirjin mutum, sai ya zura yatsa biyu a ƙarƙashi, ya ce, "Iyakar rararka ke nan. Riga ka zo ɗinkawa, ba tanti ba." Da wannan yatsa biyun ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yi suna. Saboda haka ba a ja da shi a kan awo.

Son mota kuwa tun yana saurayi ya kama shi, lokacin yana koyon sana'a. Maigidansa ya aike shi ya auno wani attajiri da ciwon ƙafa ya hana fita, aka turo mota ta ɗauke shi. Ƙirar Amurka ce, baƙa, doguwa, mai faɗin ƙirji, in tana tafiya ba a jin ƙasa. Wani saurayin da leƙen taga zai yi don abokai su gan shi. Shi ko titi bai kalla ba. Yatsa ya sa yana bin ɗinkin kujerar baya, yana duba yadda aka nutsa maɓallai cikin karammiski, layi ya tafi sambal ba karkata. Da ya dawo shago ya manta awon ƙugun attajirin, ya sha faɗa, amma ɗinkin kujerar nan bai manta ba.

Shekaru suka tafi. Irin motocin nan suka fita yayi, don shan mai gare su kamar ba gobe, kayan gyaransu kuma sai an yi cigiya. Masu su suka rasu, magada suka jingine su a bayan gida. A lokacin ne Baba Tela ya fara tsince su.

Ta farko baƙa ce, a garejin amininsa Bakanike ya same ta, kaji na ƙwai a ciki. Shi da Bakanike tare suka tashi, ba sa iya gaisawa sai da tsiya. Bakanike na kiransa Ɗan Allura, shi kuma yana kiransa Baƙin Hannu. Sai da Tela ya ɗinke kujerun motocin garejin na shekara guda kafin Baƙa ta zama tasa. Ta biyu, mai ruwan zuma, daga wani otal da ya rufe ta fito. Ta uku koriya ce, a hannun wani mai haya da ita ga masu ɗaukar amarya.

Yadda yake sayen mota ma abin kallo ne. Ba ya buɗe bonet. Ƙofar baya yake buɗewa, ya zura kai ya shaƙa, ya danna kujera da tafin hannu, ya bi ɗinki da farce.

"In mai ɗinkin bai yi wasa ba, mai injin ma bai yi wasa ba," in ji shi.

"Wannan ilimin naka ne ya sa rabin rayuwata a ƙarƙashin motocinka na yi ta," in ji Bakanike.

Tuƙi da girma ya koya, kuma har yau bai yarda da shi sosai ba. Ranar hutu yakan fito da wadda layi ya zo kanta, ya zaga unguwa, masu keke na wuce shi suna gaisuwa. 'Yan gidan mai kuwa da sun hango shi suke miƙewa tsaye.

Kowace mota da ta shigo gidan sai ta ci wani abu na matarsa. Baƙa ta ci akurkin kaji. Mai ruwan zuma ta ci wurin shanya. Koriya ta ci ɗan lambun ganye. Ita dai matar ba ta cika magana ba, amma in ta yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara, shi ya sa yake kiranta Hukuma, a bayan idonta da farko, daga baya har a gabanta. Abin da ya rage mata a tsakar gidan bishiyar lemon tsami ce guda ɗaya. Mahaifiyarta ce ta kawo mata dashen a cikin gwangwani shekarar da suka tare, tun gidan ko ƙyaure babu, ta raine shi da ruwan wanke-wanke. A inuwarta take zama da rana, a nan ta yaye 'ya'yanta duka.

Wata safiya Bakanike ya faɗo shago ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ɗan Allura, ajiye almakashin nan. Tsohon likitan nan na bayan asibiti da ya rasu, matarsa za ta koma wajen ɗanta ƙarshen wata. Ka san abin da ke kulle a garejinsa?"

Baba Tela ya sani. Tun yana da baƙin gashi yake hango ta in ta wuce.

"'Yan gwangwan har sun je sun taya," in ji Bakanike. "Kilo za su auna ta."

Ko hula bai gyara ba ya bi shi.

Matar likitan, tsohuwa siririya mai tabarau, ita ta buɗe musu garejin da kanta. Motar ruwan madara ce, cikinta jan karammiski, kuma ta fi duk ukun da yake da su tsawo. Ana ganin hancinta, wutsiyarta na can cikin duhu. Baba Tela ya buɗe ƙofar baya, ya shaƙa, ya danna kujera, ya bi ɗinki da farce. Ya daɗe bai fito da kansa ba.

"Doguwa," ya ce a hankali, sunan kuwa ya bi ta.

Ciniki bai ɗau lokaci ba, don ba shi ne damuwar tsohuwar ba.

"Malam, ka ji sharaɗina," ta ce. "Motar nan ba ta taɓa kwana a waje ba. In kana da ɗakin da za ka sa ta, taka ce, kuma zan zo in gani da idona. In babu, gara in ba masu guduma su gama da ita rana ɗaya, da in ji tana ruɓewa a rana ana shanya a kanta."

"Akwai ɗaki, Hajiya," in ji Baba Tela.

Bakanike ya kalle shi, ya kalli rufin gareji.

Babu ɗaki. Rumfunan da ukun ke ciki duk sun yi wa Doguwa gajarta, ko da ya yarda ya rabu da ɗaya, shi kuwa wanda ya ce masa ya sayar da ɗaya kamar ya ce ya zaɓi yatsan da za a yanke masa ne. Fili ɗaya ya rage a gidan, wani siririn lungu tsakanin katanga da bishiyar lemo. Ya zare tef daga wuya ya auna Doguwa kamar yadda yake auna mutum: tsawo daga bamba zuwa bamba, kafaɗa daga kunnen madubi zuwa kunnen madubi, tsayi daga taya zuwa rufi. Ya koma gida ya auna lungun. Sannan ya tarar da Hukuma a gindin bishiya tana ninke wanki.

"Sannu da aiki, Maman yara."

"Wace kala ce?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Wa ya ce miki..."

"Malam, rabon da ka yi mini sannu da aiki da tsakar rana tun ranar Koriya."

Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai, har da 'yan gwangwan da kilonsu. Ta ninke zani, ta ninke wani.

"Kaji na ba ka. Shanya na ba ka. Lambu na ba ka," ta ce. "Lemon nan ko ganye ɗaya ba a taɓa mini. Ba sara, ba sassabe, ba tonon saiwa. In ta shiga lungun nan haka, bismilla. In ba ta shiga ba, ka mayar musu da abarsu."

"Za ta shiga. Na auna."

"To."

Washegari aka kira Birkila. Baba Tela ya zana masa layi a ƙasa da allin tela: katangar gida ta zama bangon dama, sabon bango ya tashi a hagu, dab da bishiya amma bai taɓa ta ba. Faɗin ciki kuwa faɗin Doguwa ne, da rarar yatsa biyu kowane gefe.

Birkila ya tsaya a tsakiyar zanen ya buɗe hannuwa. Bai taɓa ganin motar ba, amma zanen bai kwanta masa ba.

"Baba, wannan ɗaki ne ko kube? Ba a ɗan ƙara ba?"

"Ɗana, na taɓa zuwa na koya maka kwaɓa siminti?"

"A'a, Baba."

"To tun ba a haife ka ba nake awo. Ba a taɓa dawo mini da riga an ce ta matse ba."

Birkila ya ja bakinsa ya kama aiki. Abu ɗaya ya yi da ra'ayin kansa, ya sa bulo mai huji guda a bangon hagu don iska ta riƙa shiga. Bakanike duk kwanakin nan yana can gidan likita yana lallashin inji, bai leƙo ginin ba ko sau ɗaya.

Ranar ɗauko ta da hantsi aka yi. Batirinta ya tsufa, sai da Bakanike ya jona mata waya daga akori-kurarsa sannan ta yi tari, ta yi gurnani, ta kama. Ya bar akori-kurar a can ya shiga gefen Tela.

"Ka ji ni da kyau, Ɗan Allura. Kada ka kashe ta sai na ce. In ta mutu ba za ta tashi da kanta ba."

"Na ji, Baƙin Hannu. Cire hannunka daga karammiskin."

Kafin su iso, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Bakanike ya sauka a bakin get yana ba da hannu. Da ya juya ya ga ɗakin, sai ya buɗe baki kamar zai yi magana, amma hancin Doguwa ya riga ya shiga. Baba Tela ya ɗago haɓa sama da sitiyari, ya tafi da ita sannu sannu kamar mai zura zare. Madubin dama ya wuce katanga da yatsa biyu. Na hagu ya wuce bango da yatsa biyu. Bamba ta tsaya dab da bangon gaba, wutsiya ta shige ciki daidai bakin ƙofa. Ko ƙwarzane babu.

Mutane suka ɗau tafi. Mai gyaran agogo ya ce bai taɓa ganin awo irin wannan ba. Daɗi ya kama Baba Tela har ƙeya, ya murɗa makulli ya kashe mota.

Ya gyara hula, ya ja hannun ƙofa. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta ce ƙwas da bango.

Ya rufe, ya sake buɗewa, ko za ta canza ra'ayi. Ya matsa ya gwada ta dama. Ya haura baya ya gwada sauran biyun. Sannan ya dawo mazauninsa ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat, ƙyat, ta yi shiru.

"Ɗan Allura!" Muryar Bakanike ta zo daga baya. "Ka auna ta da ƙofofi a buɗe?"



"Riga ba ta buɗe ƙofa," in ji Baba Tela daga ciki, da ƙaramar murya.

Wani ya fara dariya, sauran suka karɓa. Aka ce a jona waya, sai aka tuna batirin na can gaba a ƙarƙashin bonet, kuma ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta bi gefen motar. Maza suka kama bamba suka ja, Doguwa ko gezau. Dole Bakanike ya koma gidan likita a ƙafa ya ɗauko akori-kura da sarƙa.

Hukuma ta fito ta sallami jama'a, ta ce ba biki ake ba, ta tura get. Rana ta hau, kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi. Allah ya taimaka gilashin gefen direba a sauke yake, kuma bulon nan mai huji ya faɗo daidai saitinsa. Ta hujin Baba Tela yana ganin gindin bishiya, sai kuma ya ga an ajiye kujera 'yar tsugunno, aka zauna.

"Malam, kana da rai?"

"Da sauƙi."

Ta gwada kofin ruwa bai shiga hujin ba. Sai ta tsinki lemo ɗaya, ta yanka biyu, ta miƙa masa. Ya karɓa ya tsotsa, fuska ta yamutse.

"Ɗakin ya yi mata kyau," ta ce. "Kamar da shi aka haife ta."

"Ki yi dariyarki kawai, Maman yara. Kowa ya yi."

"Ni na yi tawa a kicin."

Ya jingina kai da kujera. Lissafin ba wuya: kafin ƙofar direba ta buɗe sai an matsar da bangon hagu kamu biyu, kuma a cikin kamu biyun nan bishiyar take tsaye. Ya san Hukuma ma ta gama wannan lissafin. Ya san kuma in ya marairaice, yana cikin wannan hali, gumi na bin wuyansa, wataƙila ta ce a sare. Ya kalli gindin bishiyar ta huji. Har yanzu akwai ƙusar da ta kafa tana rataya lilon autarsu.

"In Baƙin Hannu ya jawo ta," ya ce, "ya wuce da ita can gidan likita. Zan je in gaya wa tsohuwar babu ɗaki."

"Su kuma masu guduma?"

"Su zo su ɗauka."

Yana jin ƙarar wuƙa tana yanka wani lemon.

"Ba za ka ce in bari a sare ba?"

"Kin ce ko ganye ɗaya. Na kuwa ji."

Ta miƙo masa rabin lemon. Can ta ce, "Malam, farkon aurenmu, lokacin ba ka da yaran shago, wa ke farke maka ɗinki in riga ta kama mutum a hammata?"

"Ke ce. Amma ba a taɓa dawo mini..."

"Ni za ka gaya wa? Sabuwar riga muke ɗinka masa?"

"A'a. Gefen ake farkewa, daidai inda ta kama."

"To me ya kai ka matsar da bango gaba ɗaya? Ƙofa ɗaya kake fita ta ciki. A tsaga bangon daidai ita."

Baba Tela ya miƙe zaune har hularsa ta taɓa rufi. Ya zare tef, ya auna tsawon ƙofar daga ciki, ya leƙa ta huji ya ƙiyasta inda gindin bishiyar yake.

"Za ta buɗe," ya ce, "amma rabi. Gefenta zai je ya tsaya a jikin bishiyar."

"Rabi ya ishi mutum in ya rage cin dare. Amma ka ji, ƙarfe ba zai taɓa mini ɓawo ba. Ka san yadda za ka yi."

Da Bakanike ya iso aka ɗaura sarƙa, aka jawo Doguwa waje da baya. Baba Tela ya fito sharkaf da gumi, ɓawon lemo cike da aljihu. Bakanike ya zagaya shi yana dubawa.

"Ka ga, har ka faɗa. Da mun bar ka zuwa gobe da ta gefen za ka fito."

Birkila ya dawo ya cire bulo daga ƙasa zuwa sama daidai ƙofar direba, ya sa ƙarfe a kai ya riƙe sauran, ya shafe gefuna. Bai ce komai ba game da kube, abin da ya sa Baba Tela ya ɗinka masa wando kyauta, kuma ya ba shi ranar da ya ce.

Shi kuma ya ɗauko ragowar jan karammiski, ya cusa masa auduga, ya nutsa maɓallai a layi irin na kujerar baya, ya yi wa gindin bishiyar riga mai igiyoyi a baya. Ranar da ya zo aunawa, Hukuma na tsaye a kansa. Ya zagaya tef, ya zura yatsa biyu.

"Malam, tana girma fa."

Ya dubi yatsun, ya dube ta, ya zura tafin hannu gaba ɗaya.

Matar likitan ta zo kafin ƙarshen wata kamar yadda ta ce. Ta duba rufi, ta duba bango, ta tsaya a gaban tsagar, ta gyara tabarau ta daɗe tana kallon bishiya mai riga. Ta tambaya ko wani magani ne. Aka ce mata a'a, ɗinki ne. Ta ce Doguwa ta zauna.

Har yau tana nan. Baba Tela na zuwa shago da safe, yana saɓa alkawari, yana zura wa mutane yatsa biyu a ƙirji. Ranar da layi ya zo kan Doguwa, in zai fita da Hukuma, sai ya fara fito da motar waje sannan ta shiga, ta zauna a baya ita kaɗai, masu keke na wuce su suna gaisuwa. In sun dawo ya sauke ta a bakin get, ya shige da motar sannu sannu, ya buɗe ƙofa har ta jingina da karammiski. Sai ya cire hula, ya tsuke tumbi, ya fito a kaikaice ta ƙarƙashin rassa. Wani lokaci ƙaya ta kama masa tef ɗin wuya. Ba ya fizgewa. Tsayawa yake yi ya kira Maman yara ta zo ta cire masa.